Me ke hana bakteriya cika teku? Tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban lise da masunta da masu sayar da kifi a Garwa da Marwa da Kusiri sukan yi idan hira ta biyo ta kan ƙananan halittun ruwa. Na tattara su wuri guda don a karanta a tsanake. Yawancin binciken a bakin teku aka yi shi, nesa da mu, amma abin da aka gano ya taɓa kifin da muke ci da ruwan da muke sha.

Malam, mu da ba mu da teku, me ya haɗa mu da wannan magana?

Binuwai ce ta haɗa mu. Daga tsaunukan Adamawa na Kamaru take tasowa, ta cika madatsar Lagdo, ta ratsa Garwa, ta shiga Najeriya ta Yola, ta haɗu da Kwara a Lakwaja, sannan ruwan ya faɗa Mashigin Tekun Gini. Takin zamanin da ruwan sama ya wanke daga gonar auduga, da kashin shanu, da dattin kwatar gari, wani kaso nasu can yake ƙarewa. Logon da Shari kuwa ba sa kaiwa teku, a Tafkin Chadi suke tsayawa, amma halittun da za mu yi magana a kansu suna cikin tafki kamar yadda suke cikin teku, kuma aikinsu iri ɗaya ne. Ga kuma kifin ƙanƙara da ke zuwa kasuwanninmu ta Duwala, wanda a teku ya ci ya girma.

Wai yawan bakteriya nawa ne a ruwan teku?

A ruwan bakin teku mai tsabta, wanda mutum zai hango ƙafarsa a ciki, mililita 1 kan ƙunshi bakteriya wajen miliyan 1. Cokalin shayi mililita 5 ne, sai ka lissafa. Bairas kuwa sun ninka haka kamar sau 10, wato wajen miliyan 10 a mililita. Kusan dukkansu ba sa cutar da mutum da komai.

An daɗe ba a san haka ba, domin a da ana ƙirga bakteriya ne ta hanyar shuka su a faranti a ga waɗanda suka tsiro, alhali yawancin na teku ba sa tsirowa a faranti. Sai a 1977 John Hobbie da abokan aikinsa suka fito da dabarar tace ruwa a shafa wa bakteriyar rini mai ƙyalli a ƙirga su kai tsaye a madubin likita, adadin ya yi tsalle ninki ɗaruruwa. Na bairas ya biyo baya a 1989, lokacin da masana a Jami'ar Bergen ta ƙasar Norwe suka duba ruwa da madubin da ke aiki da lantarki, suka tarar da miliyoyi a inda ake zaton ƙalilan ne. Curtis Suttle na Kanada ya ƙiyasta cewa jimillar bairas ɗin tekunan duniya ta kai lamba 1 da sifiri 30 a bayanta.

Idan suna haihuwa da sauri, me ya sa ba su mayar da teku kunu ba?

Tambayar da ta buɗe wannan fanni ke nan. Bakteriyar bakin teku kan rabu biyu a cikin yini ɗaya ko biyu idan da abinci. Ƙwaya ɗaya da ke rabuwa kullum, in ba abin da ya taɓa ta, za ta haura biliyan 1 a kwana 30. Amma in ka ƙirga yau, ka dawo bayan wata guda, adadin yana nan kusa da inda ka bar shi. Ke nan kusan duk abin da aka haifa a yini, an kashe kwatankwacinsa a yinin. Ƙarancin abinci yana rage musu saurin haihuwa, kisan kuwa hannu biyu ne ke yin mafi yawansa, wato ƙananan halittu masu haɗiye su, da bairas masu fasa su.

Su wane ne masu haɗiyar?

Halittu ne masu ƙwayar jiki ɗaya da ake kira furotozowa. Waɗanda suka fi cin bakteriya su ne masu bulala, wato masu wani siririn zare ɗaya ko biyu da suke kaɗawa su yi iyo ko su jawo ruwa zuwa jikinsu. Yawancinsu ba su wuce maikuromita 2 zuwa 5 ba, maikuromita kuwa kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita. Akan sami wajen 1,000 a mililita, wato kowane ɗaya yana da bakteriya kamar 1,000 a gabansa. Tom Fenchel na Denmak ya nuna a farkon shekarun 1980 cewa mai bulala guda na iya tace ruwan da ya ninka girman jikinsa wajen sau 100,000 a awa ɗaya.

Sama da su akwai masu gashi, waɗanda jikinsu ke lulluɓe da gajerun gasu. Sun fi girma, suna cin bakteriya, suna kuma cin masu bulalar. Su ma ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira kofefod ke cin su, kofefod kuma shi ne abincin 'ya'yan kifi. A 1983 Farooq Azam, ɗan asalin Pakistan da ke aiki a Kalifoniya, tare da Fenchel da wasu masana huɗu, suka rubuta maƙalar da ta kafa wannan sarƙa a ilimin teku. Kafin nan galibi ana ɗaukar bakteriya masu ruɓar da matattu kawai. Su suka nuna cewa bakteriya na tsotse narkakken abincin da ya zuba a ruwa, wanda ba kifin da zai iya ci, su mai da shi tsoka, masu haɗiya kuma su ɗauko shi su dawo da shi kan hanya.

Shi bairas ɗin fa, ta yaya yake kisa? Kuma zai kama mutum in ya yi wanka?

Ba zai kama mutum ba. Yawancin bairas ɗin teku na bakteriya ne kaɗai, ana kiran su faj. Frederick Twort na Ingila ya fara ganin aikinsu a 1915, Félix d'Hérelle kuma ya gano su daban a Faris a 1917 ya raɗa musu suna.

Faj ba ya ci, ba ya iyo, ruwa ne ke yawo da shi har ya ci karo da bakteriya. In irin tasa ce, sai ya manne a fatarta ya zuba mata ƙwayoyin gadonsa. Daga nan ta daina aikin kanta ta koma ƙera sababbin faj, har ta fashe su fito, sau da yawa 20 zuwa 50 daga ƙwaya ɗaya. In ba irin tasa ba ce, ba abin da zai iya yi mata. Wasu faj ɗin kuma in sun shiga ba sa kisa nan take, sukan saƙa gadonsu cikin nata su kwanta, tana haihuwa tana raba su ga 'ya'yanta, sai wani abu ya girgiza ta, kamar hasken rana mai lalata gado, sannan su farka su fasa ta.

Abin da ke gurɓata ruwan wanka daban ne, ƙwayoyin cutar mutane ne da ke shiga ta bayan gida da magudanai.

To ai duk mutuwa ce. Wane bambanci ke akwai tsakanin a haɗiye ka da a fasa ka?

A ganina nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne ɗalibai suka fi saurin wucewa. Makiyayi zai gane ta nan take. Saniyar da kura ta kama, namanta ya shiga jikin kura, ya hau sama a sarƙar abinci. Saniyar da annoba ta kayar a daji kuwa, a nan take ruɓewa, ta zama takin ciyawar da sauran shanu za su ci. Kuma kura ba ta zaɓen iri, abin da ta iya kamawa shi take ci, annoba kuwa iri guda take bi, kuma ta fi ɓarna inda garke ya cunkushe.

Bakteriyar da aka haɗiye, wani kaso na jikinta ya zama jikin mai bulala, daga nan ya wuce ga mai gashi, ga kofefod, ga ɗan kifi. Gaskiya abin da ke isa ga kifi ta wannan hanya ba shi da yawa, domin a kowane mataki fiye da rabi na ƙonewa a numfashi ko fita a kashi. Babban amfanin yana cikin abin da suke fitarwa. Mai haɗiya yana zubar da naitirojin da fosfaras a sigar da ƙananan gansakukan ruwa ke iya sha nan take, su kuwa waɗannan gansakukan su ne tushen abincin kifi, kuma su ke yin kusan rabin aikin sarrafa hasken rana na duniya baki ɗaya.

Bakteriyar da faj ya fasa kuwa, kayan cikinta watsewa suke yi a ruwa, narkakku, sun yi wa mai bulala ƙanƙanta. Wasu bakteriyar ne ke sha, su yi girma, faj ya sake fasa su. Abincin sai ya yi ta kewayawa a ƙasa, kowane zagaye wani kaso na komawa iskar kabon ta numfashi. A 1999 Steven Wilhelm da Suttle suka ƙiyasta cewa kashi 6 zuwa 26 cikin 100 na kabon ɗin da gansakukan teku ke kamawa ta wannan karkatacciyar hanya yake bi. Kada a ɗauka asara ce zalla. Fashewar tana sako ƙarfe da fosfaras da naitirojin da suka maƙale a jikin bakteriya, su tsaya a saman ruwa inda rana ke kaiwa, gansakuka su amfana. Saboda haka wanda ya tambayi yawan kifin da wani ruwa zai iya ciyarwa, ba yawan bakteriya kaɗai zai duba ba, sai ya san hannun da ke kashe su.

Wanne ya fi kisa a cikinsu?

Ya danganta da wuri da lokaci. A 1995 Jed Fuhrman da Rachel Noble suka auna ruwan gaɓar Kalifoniya suka ga hannuwan biyu kusan kunnen doki suke. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne bairas na kashe kashi 20 zuwa 40 cikin 100 na bakteriyar saman teku a kowace rana. A tsakiyar teku, inda abinci ya yi ƙaranci kuma bakteriya ke warwatse, masu haɗiya sukan fi tasiri. Inda ruwa ke da yalwar abinci, bakteriya suka yi cunkoso, faj ya fi samun abin faɗawa. A ƙasan ruwan da oksijin ya ƙare kuwa, yawancin masu haɗiya ba sa iya zama, filin kan zama na bairas.

An ce bairas na hana iri ɗaya mamaye ruwa. Yaya abin yake?

Frede Thingstad na Norwe ne ya tsara wannan bayani a ƙarshen shekarun 1990. Irin bakteriyar da ta fi iya cin abinci ita ce za ta fi yawa, da ta yi yawa kuma faj ɗinta zai fi saurin cin karo da ita, ya karya ta, masu bin bayanta su sami wuri. Shi ya sa ake samun ɗaruruwan ire-ire a kwalba guda ta ruwa, duk da abincin da suke takara a kansa kaɗan ne. A taƙaice, masu haɗiya ke tsayar da jimillar adadi, faj kuma ke raba adadin tsakanin ire-ire.

Ba bakteriya kaɗai ba. Akwai wata ƙaramar gansakuka mai ɓawon alli, Emiliania huxleyi, da kan yi yawa har tauraron ɗan adam ya hango ruwan ya yi fari. Masanan Bergen sun nuna a 1993 cewa bairas na iya rusa wannan taro cikin 'yan kwanaki.

Su bakteriyar ba su da dabarar kare kai?

Suna da ita. Idan masu bulala suka matsa musu, wasu kan miƙe su zama dogon zare da ba zai shiga baki ba, wasu su dunƙule cikin majina su manne a jikin dutse ko itace, wasu su ƙanƙance, wasu su fitar da guba. Game da faj kuma sukan sauya ƙofar da yake mannewa, sai dai sau da yawa ƙofar nan ita ce wadda abinci ke shiga ta ita, don haka kariyar na da tsada. Wasu na ajiye guntun gadon faj ɗin da ya taɓa kai musu hari, su gane shi su datse shi in ya dawo. Wannan tsari shi ne CRISPR, wanda aka mai da shi kayan gyaran gado, har Emmanuelle Charpentier da Jennifer Doudna suka sami kyautar Nobel a kansa a 2020.

Me ya bambanta bakin teku da tsakiyarsa?

Koguna. A gaɓar Kamaru, Wuri na zubowa ta Duwala, Sanaga ta kudu da ita, kuma yankin na cikin mafi ruwan sama a Afirka, har Debunsha da ke gindin Dutsen Kamaru kan sami kusan milimita 10,000 a shekara. Da damina kogi na kawo taki da ruɓaɓɓen ganye da laka. Takin na sa gansakuka su yi yawa, bakteriya su biyo, bayan kwana kaɗan masu bulala da faj su biyo su, adadi ya yi ta hawa da sauka. Laka na da nata aikin, domin bairas na mannewa a jikin yumɓu su nutse tare da shi, amma duhun da take kawowa yana kare sauran daga hasken rana, wanda shi ne babban mai lalata su a saman ruwa.

Inda taki ya yi yawa ƙwarai, tsarin kan gaza. Gansakuka su mutu su nutse da yawa, bakteriya su ruɓar da su su shanye oksijin ɗin ƙasa, kifi da jatan lande su gudu ko su mutu. Haka ke faruwa kowace shekara a Mashigin Tekun Meziko inda Misisipi ke zubowa, kuma wani nazari na 2008 ya ƙirga irin waɗannan wurare sama da 400 a gaɓoɓin duniya. Wannan ne ke sa na damu idan na ga ana watsa taki a bakin mayo, wato rafi, ana gab da ruwan sama. Manomi ya yi asarar kuɗinsa, masunci na ƙasa da shi kuma ya ɗauki sauran.

Akwai misalin haka a tafkunan Afirka?

Akwai, kuma ya shafi abin da mutanen Kanem suka sani sarai. Dihe, koren abin nan da matan Kanembu ke kwasa a tafkunan kanwa su shanya a yashi su yi miya da shi, bakteriya ce mai amfani da hasken rana, daga dangin Arthrospira. Danginta ne ke ciyar da tsuntsayen filamingo a Tafkin Nakuru na Kenya. A 2014 masana daga Jami'ar Biyana ta ƙasar Ostiriya suka wallafa cewa faj ya kama wannan bakteriya a Nakuru, ta karye, yawan tsuntsayen ya faɗi ƙasa warwas saboda rashin abinci. Duk mai son noma dihe a tafkin siminti ya kamata ya san cewa iri ɗaya a cunkushe shi ne abin da faj ya fi so.

A Senegal kuma, wani bincike na 2006 a koguna da tafkuna, wanda Yvan Bettarel da Télesphore Sime-Ngando ke cikin masu yin sa, ya tarar da bairas masu yawa, amma bakteriyar da aka ga sun kamu kaɗan ne ƙwarai. Wannan ya isa ya nuna cewa ba a ɗauko lissafin ruwan Turai a ɗora wa ruwan ƙasashe masu zafi kai tsaye.

Wannan yana da alaƙa da kwalara?

Ƙwarai kuwa. Ƙwayar kwalara, Vibrio cholerae, asalinta 'yar bakin teku ce, gidanta inda ruwan kogi ke gauraya da na gishiri, kuma tana son mannewa a jikin kofefod. Ba kowace irinta ke sa ciwo ba. A 1996 Matthew Waldor da John Mekalanos suka gano cewa gadon gubar da ke haddasa gudawar, wani faj ne ke ɗauke da shi ya saƙa a cikinta. Wato bairas ne ya ba ta makamin. Wasu faj ɗin kuma kashe ta suke yi. A Dhaka ta Bangaladash, Shah Faruque da abokan aikinsa sun nuna a 2005 cewa idan annoba ta yi nisa, faj masu cin ƙwayar kwalara na ƙaruwa a ruwa, kuma ƙaruwarsu na zuwa daidai da lafawar annobar. Masu haɗiya ma na cin ta idan tana yawo ita kaɗai, amma in ta dunƙule cikin majina takan tsira.

Sanin wannan ya ceci rayuka. Rita Colwell da abokan aikinta sun koya wa matan ƙauyuka 65 a Matlab ta Bangaladash tace ruwa da tsohon zane da aka ninka aƙalla sau 4, wanda ke tare kofefod da tarkacen da ƙwayar ke maƙale a kai. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna kwalara ta ragu da kashi 48 cikin 100. Mu da muka ga annobar 2010, wadda ta ratsa jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru da Chadi da Nijar da Najeriya, bai kamata wannan dabara ta wuce mu ba. 'Yan uwana mata masu ɗebo ruwa a mayo ko a tafki, ninkakken zane mai tsabta a bakin tulu abu ne da kowa ke da shi. A wanke shi da ruwa mai kyau a shanya a rana bayan kowane amfani.

Ke nan ruwa na wanke kansa, ba sai an tafasa ba?

A'a, ɗan uwa, kada a fahimce ni haka. Masu haɗiya da faj da hasken rana suna rage bakteriyar bayan gida da ta shiga kogi, amma aikin na ɗaukar kwanaki, kuma ba ya kaiwa ƙarshe, mai ɗebo ruwa kuwa yau zai sha. Tacewa da zane ma rabin haɗarin kawai ta rage. Ruwan sha a tafasa shi, ko a sa masa maganin kulorin yadda ma'aikatan lafiya suka nuna.

Ta yaya ake auna kisan da ido ba ya gani?

Dabarar da ta fi shahara ta Michael Landry da Patrick Hassett ce ta 1982, wadda suka ƙirƙira don gansakuka, daga baya aka yi amfani da ita ga bakteriya. Ana ɗebo ruwa a raba biyu. Kashi ɗaya a tace shi har ba wata halitta a ciki, sannan a surka wanda ba a tace ba da shi a kwalabe daban-daban, wata kwalbar kashi 1 cikin 4, wata rabi, wata kuma ba surki. A ajiye su a zafi da hasken da suka saba na yini guda, a ƙirga kafin da bayan. Inda surki ya fi yawa, mai haɗiya ya fi wahalar samun abin ci, sai bakteriya su fi ƙaruwa, bambancin da ke tsakanin kwalaben shi ke nuna yawan abin da ake cinyewa.

Don a ware aikin bairas, sai a yi jeri biyu. Matacin da ramukansa maikuromita 0.2 ne yana tare bakteriya da masu haɗiya amma bairas na wucewa, don haka jerin farko ana surka shi da wannan ruwa. Jeri na biyu kuma da ruwan da aka bi da shi ta matacin da ya fi ƙanƙanta har bairas ma ba ya wucewa. Abin da jeri na biyu ya fi na farko, shi ne rabon faj. Kashin farko na wannan gwaji, wato na masu haɗiya, ba ya buƙatar jirgin bincike. Kwalabe ne da mataci da rini da madubi mai hasken ƙyalli, kuma ɗalibin Jami'ar Marwa ko ta Ngaundere zai iya yin sa da ruwan Maga ko na Lagdo, sau ɗaya da rani lokacin da ruwa ya kwanta, sau ɗaya kuma a watan Agusta lokacin da Binuwai ta kawo laka.